Dajin Abinci a Kewayen Masaukin Baƙi: Tambayoyin 'Yan'uwa Mazauna Saudiyya

Tun da Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido a watan Satumba na 2019, masu gonaki a Jazan da Asir da Baha, yankunan kudu maso yammacin ƙasar, suka fara gina ɗakunan kwana a cikin gonakinsu, baƙo ya zo ya sha iska kwana biyu ya biya. Hausawa na cikin harkar ta kowane ɓangare. Akwai masu ban ruwa, akwai masu girki da magina, akwai kuma 'ya'yan Hausawan Makka da Jidda 'yan ƙasa da ke neman inda za su zuba jarinsu. Abin da ya fi jan hankalin mutane shi ne masaukan nan na kurmin Amazon da Kosta Rika, inda ɗaki ke tsakiyar itatuwa, abin karin kumallo kuma a bayan taga ake tsinko shi. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin 'yan'uwa game da su.

Malam, mene ne bambancin dajin abinci da lambun da muka sani?

Lambu ana share shi ne a jera iri ɗaya, in an girbe a sake shukawa. Dajin abinci kuwa gona ce da aka tsara hawa-hawa yadda kurmi ke tsara kansa, sai dai kusan duk abin da ke cikinta ko ana ci, ko ana magani da shi, ko yana ciyar da ƙasa. Can sama akwai manyan itatuwa irin su kwakwa da mangwaro. A ƙarƙashinsu lemo da gwaiba da ayaba. A inuwar waɗannan sai koko da gahawa, waɗanda dama ba su son rana tsirara. Ƙasa-ƙasa ga citta da gwaza da abarba, dankali ya shimfiɗu ya rufe ƙasa, masoro kuma ya nannaɗe jikin itace ya hau. Yawancinsu ba a sake shuka su kowace shekara.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hart shi ya yayata tsarin a Turai cikin shekarun 1980, ya kasa shi hawa bakwai, amma daga gonakin bayan gida na Kerala ta Indiya ya ɗauko samfurin. Mutanen Chagga a gindin dutsen Kilimanjaro sun daɗe suna noma ayaba da gahawa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Haka mutanen Gedeo a kudancin Habasha, waɗanda UNESCO ta sa ƙasarsu cikin kayan tarihin duniya a 2023. Goron da kakanninmu suka yi ta fatauci daga ƙasar Asante ma ɗan kurmi ne, a cikin inuwar wasu itatuwa yake tasowa.

Me ya sa mai masauki a kurmi zai ɗora wa kansa noma bayan hidimar baƙi?

Na farko nisa. Masaukai da yawa a Amazon sai da kwalekwale ake isa gare su, wani lokaci tafiyar sa'o'i. Duk tumatir da lemon da za a ci sai an ɗauko shi daga gari, a kashe mai, rabi ya lalace a hanya saboda zafi da danshi.

Na biyu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba: ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi. Mai kallon duhun ganyen nan zai ɗauka ko tsinke aka soka zai tsiro, alhali ruwan sama da ya wuce milimita 2,000 a shekara ya daɗe da wanke abincin ƙasar. Kurmi kamar ɗan kasuwa ne da duk jarinsa ke kan kaya, ba ko sisi a ajiye. Dukiyarsa tana jikin itatuwa da ganyen da ke zuba yana ruɓewa, saiwoyi su tsotse nan take. Da zarar an sare itatuwan an yi fili, gona ta yi kyau shekara biyu ko uku, daga nan sai jar ƙasa da zaizaya. Saboda haka lambu irin namu na fadama ba ya ɗorewa a can sai da taki mai yawa. Gonar da ta bar itatuwa a tsaye, ta bar ganye a ƙasa, ita ce ke tafiya da ɗabi'ar wurin. Mutanen Amazon na dā sun gane haka. Har yau ana samun wuraren da suka zauna da baƙar ƙasa mai albarka, wadda suka gina da gawayi da ƙasusuwa da fasassun tukwane da sharar girki, kuma bayan ɗaruruwan shekaru ba ta mutu ba.

Sai na uku, shi kansa baƙon. Wanda ya biya kuɗin jirgi ya zo ganin kurmi ya fi murna a ba shi ƙwallon koko ya fasa da hannunsa a kan a ajiye masa tuffa daga firji.

To ashe ba sai an sare kurmin ba kafin a sami wurin shuka?

A'a, kuma nan ne nake da tsauri. Duk wanda ya kayar da tsohon kurmi don ya dasa ayaba da gwanda, sannan ya rataya allo yana cewa masaukinsa na kare muhalli ne, ɓarna ya yi. Babu gonar da za ta maye gurbin kurmin da ya shekara ɗaruruwa. Akwai itatuwan da ba su ma yin 'ya'ya sosai sai a cikinsa, kamar gyaɗar Birazil, wadda ke bukatar wasu manyan ƙudan zuma na daji su yi mata barbara, da wani ɓeran kurmi da ke fasa ƙwallonta ya binne iri.

Wurin dajin abinci shi ne ƙasar da aka riga aka lalata: tsohuwar makiyaya, saura, gefen hanya, filin da aka share don gini. A nan ne yake zama gyara. Ernst Götsch, mutumin Suwizalan da ya zauna a jihar Bahia ta Birazil tun farkon shekarun 1980, a kan gajiyayyar ƙasa ya fara, yana shuka da yawa a cunkushe yana sassabe rassa yana shimfiɗa su a ƙasa, har wurin ya koma daji mai ba da koko. Kosta Rika ma da ake misali da ita sai da ta yi asarar mafi yawan dajinta zuwa shekarun 1980. Dokar gandun daji ta 1996 ce ta kawo biyan masu ƙasa kuɗi don su bar itatuwa, yau fiye da rabin ƙasar daji ne.

Gini ake farawa ko shuka?

Ruwa ake fara dubawa, sannan shuka, gini ya zo daga baya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kawo katafila ta baje fili, a zuba siminti, a gama fenti, sannan a kira mai lambu a ce ya ƙawata wurin. A lokacin ƙasar sama mai rai ta tafi, motoci sun danne sauran ta yi tauri, ramin masai kuma ya zauna daidai inda ya kamata itace ya zauna.

Mai hankali yakan bar damina guda ta wuce yana kallon filin: ina ruwa ke bi, ina yake kwanciya, ta ina iska ke shigowa da la'asar, wane itace ne ba za a taɓa ba. Daga nan ya fitar da hanya ɗaya tak da motocin gini za su bi, ya kewaye gindin tsofaffin itatuwa, ya tara ƙasar sama gefe guda. Dashe kuma ya fara tun kafin a aza tubali, domin itace ba ya jin gaggawa. Gwanda da ayaba cikin shekara guda sun fara bayarwa. Mangwaro ɗan aure sai ya yi uku ko huɗu, gahawa da koko ma kusan haka. In gini ya ci shekara biyu, ranar buɗe masauki akwai inuwa, akwai abin tsinka. Ita ayabar ma aiki biyu take yi, domin ita ce ke yi wa ƙananan dashe rumfa kafin manyan itatuwa su tashi.

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe daga duk bayanin nan: mai zanen gini da mai gona su zauna kan tabarma ɗaya tun ranar farko.

Itatuwan za su iya matsowa har jikin ɗaki?

Ba duka ba. Abin da mai girki ke bukata kullum, na'ana'a da ɗoɗɗoya da barkono da lemon tsami, shi ake sawa a bakin kicin, inda zai fita da wuƙa ya dawo tukunya ba ta ƙone ba. Abin da ake girba sau ɗaya a shekara ya yi nisa. Kwakwa da duk itace mai nauyin 'ya'ya ba su da wuri a kan hanyar baƙi ko saman rufi, don ƙwallo ɗaya daga sama ya isa ya kashe mutum. Reshe kada ya taɓa kwano, in ba haka ba ya zama gadar tururuwa da ɓera da maciji. Masu saiwa mai ƙarfi irin su ɓaure da ceɗiya a nisanta su da harsashin gini da bututun ruwa.

A kurmi babban abokin gaban ɗaki danshi ne. Shi ya sa ake ɗaga ɗakuna a kan dirkoki, a yi rufi mai tsayi da faɗin baki, a bar tagogi da raga ta ɓangare biyu iska ta ratsa. In aka cunkushe ɗaki da ganye ta ko'ina, katifa da tufafin baƙo su yi funfuna cikin kwanaki. Inuwa a gabas da yamma ake sonta, ta tare ranar hantsi da ta la'asar, ɓangaren da iska ke fitowa kuma a bar shi a buɗe. Faifan sola ma ba ya aiki a inuwa, sai a zaɓar masa fili tun ana zane, a tuna cewa dashen da bai kai gwiwa ba yau zai wuce rufi nan da shekara biyar.

Sauro da macizai fa?

Sauro ba a ganye yake haihuwa ba, a ruwan da ya kwanta ne: ɓawon kwakwa, tsohuwar taya, indararon da ya toshe, randar da ba murfi. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, don zazzaɓin dengi ba baƙo ba ne a Jidda da Makka da Jazan. A rufe kowace ma'ajiyar ruwa, a zaga sau ɗaya a mako a kifar da duk abin da ya tara ruwa. Maciji kuwa ɓera yake bi, ɓera kuma 'ya'yan itacen da suka faɗi. A riƙa tsince su kowace safiya, a share taku biyu kewaye da ɗaki da gefen hanya, a sa ƙananan fitilu a ƙasa.

Amma Malam, nan Saudiyya ai ba kurmi. Ba ɓata lokaci ba ne?

Gaskiya ne, babu kurmi a ƙasar nan, ko a dutsen Faifa na Jazan da ke kore shar. Wanda ya ce zai shuka koko a bayan Jidda, inda ruwan shekara sau da yawa ba ya kai milimita 100, kuɗinsa zai ƙone. Itatuwan kurmi su zauna a kurmi. Abin ɗauka shi ne tsarin, kuma tsarin ya riga mu zuwa Jazirar Larabawa.

Je ka Ahsa ta gabashin ƙasar, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2018 da dabino kusan miliyan biyu da rabi. Dabino ne a sama yana karya zafin rana, rumman da lemon tsami da ɓaure a tsakiya, ganyaye da ciyawar dabbobi a ƙasa. A Ula ta arewa maso yamma ma haka tsofaffin gonaki suke, dabino sannan lemo sannan kayan miya. Ƙauyen Zi Ain a yankin Baha, mai gidajen dutse, idon ruwa guda ne ke shayar da ayabarsa da lemonsa da furen kadi mai ƙamshi. A duwatsun Jazan kuwa, Faifa da Dayir ta Bani Malik, mutane sun sassaƙa dutse mataki-mataki suna tare ruwan sama, suna noma gahawar Khaulani, wadda UNESCO ta karɓi ilimin nomanta a 2022. Tsaunukan kudu maso yamma su ne suka fi ko'ina samun ruwa a ƙasar, ga hazo da ke jiƙa ganye. Gangarowa Tihama kuma, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin Bahar Maliya, mangwaro da gwanda da ayaba suna yi sosai.

Ko a busasshen wuri an gwada. A Baida, kudu da Makka, an fara wani aiki wajen 2010 na jera duwatsu a kwazazzabai don rage gudun ambaliya ruwa ya nutse, aka dasa itatuwa masu jure fari. A 2016 aka daina ba su ruwa, kuma da yawansu suka rayu. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Wanda ya tashi yana ganin gero a ƙarƙashin gawo, ga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a tsakiyar gona, ya riga ya san rabin karatun.

Bambancin shi ne, a kurmi yawan ruwa da danshi ake gudu, a nan kuwa rana da gishiri. Can ana sassabe don haske ya shiga, nan ana tara inuwa.

Ina za a sami ruwan da zai ishi wannan duka?

A fara da lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 200 a wurin da ke samun milimita 400 zai tara lita 80,000 a shekara. Wannan rufin a kurmin da ke samun 3,000 zai tara 600,000. Kowa ya auna gonarsa da abin da yake da shi. Dajin da zai rayu da ruwan wayit (motar tankin ruwa) kullum, ranar da kuɗi suka yanke ranar zai fara mutuwa. Rijiya kuma sai da lasisi, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya dawowa da wuri. Saboda shi ne gwamnati ta janye daga sayen alkamar gida zuwa 2016.

Masauki yana da ruwan da gona zalla ba ta da shi. Ruwan wanka da na alwala, maimakon ya tafi masai, a bi da shi ta bututu zuwa rami mai faɗin mita biyu da zurfin mita ɗaya, a cika shi da busassun rassa da ganye, a kewaye bakinsa da ayaba da gwaza. Ruwan ya nutse ƙarƙashin ganye, ba wari, ba sauro. Sharaɗinsa kada ya taɓa latas ko wani ganye da ake ci ɗanye, kada a haɗa shi da na bayan gida, a kuma guji sabulu mai yawan gishiri da bilic. A gaɓar Jazan mai danshi, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma ba abin zubarwa ba ne, ba shi da gishiri ko kaɗan. Sannan kada a bar ƙasa tsirara. Ganyen dabino da aka daddatsa, ɓawon kayan kicin, takin tumaki, duk a lulluɓe gindin itatuwa da su.

Birai ba za su cinye komai ba?

Za su ci, in aka sake. Duk wanda ya bi hanyar Hada zuwa Ɗa'if ko ya hau Abha ya ga garken gwaggon biri a bakin titi, kuma mutane ne suka ɓata su da jefa musu abinci. Doka ta farko a masauki ita ce baƙo ba ya ba dabba komai, ko don hoto. Bola ta kasance a kulle, a sare ayaba tun tana kore ta nuna a ɗaki, ƙananan dashe a sa musu waya.

Amma kada a ƙulla gaba da kowane mai rai. Tsuntsu da jemage da zuma su ne ke barbara, su ne ke rage ƙwari. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, face ya zama sadaka gare shi. Masu masauki a kurmi da yawa sukan bar itatuwan gefe ga namun daji da gangan, kuma tsuntsayen da ke sauka a kansu na cikin abin da baƙi ke zuwa gani. Feshin guba kuwa ba shi da muhalli a inda mutane ke kwana, yara na tsinka suna kaiwa baki.

Hajiya mai girki ta ce: gonar za ta ciyar da baƙi gaba ɗaya?

A'a, Hajiya. Shinkafa da fulawa da mai da sukari daga kasuwa za su ci gaba da zuwa. Abin da gona za ta ɗauke miki shi ne 'ya'yan itace, ganyen miya, kayan ƙamshi, ganyen shayi, zuma in an ajiye amya kusa da magarya da kurna, da ƙwai in akwai kaji. Waɗannan kuwa su ne masu saurin lalacewa da tsadar ɗaukowa.

Aikin da ke kanki shi ne girki ya bi gona. Lokacin mangwaro zai zo ya yi yawa har a rasa yadda za a yi da shi, wata biyu kuma babu ko ɗaya. Sai a busar, a matse, a dafa da sukari a ajiye. Zogale yana yi a Jazan, yakuwa da kuɓewa ma haka. Kwaɗon zogale da zoɓo mai citta ba abin jin kunyar ajiye wa baƙo ba ne, Balarabe ne ko Bature.

Zan iya sa a taho mini da iri ko dashe daga gida?

Kada ka sa alhaji ya ɓoye maka dashe a jaka. Shigo da tsiro sai da izinin hukumar noma, kuma dokar tana da dalili. Jan ƙwaron dabino da ya addabi gonakin ƙasar nan tun shekarun 1980 ta hanyar dashen da aka shigo da shi ya yaɗu. Itacen maskit mai ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka don inuwa yanzu ya mamaye kwaruruka a Jazan, kamar yadda ya yi a Kasala ta Sudan. A masaukin da ke jikin daji haɗarin ya fi girma, tsuntsu ɗaya ya isa ya kai iri inda ba mai iya cire shi. Ka sayi dashe a gandun renon da ke yankinka, ka tambayi tsofaffin wurin abin da iyayensu suka shuka.

Mutanen ƙauyen da ke kewaye, mene ne rabonsu?

Masaukin da ya noma komai nasa ya rufe ƙofa bai amfani kowa ba. Gara ya bar wasu abubuwa da gangan ya saya wurin maƙwabta, gahawa wurin wannan, zuma wurin wancan. A Peru akwai masaukin Posada Amazonas da aka buɗe a 1998, mallakar al'ummar Infierno 'yan asalin wurin, wanda yarjejeniyarsu ta farko da kamfanin da ke tafiyar da shi ta ba su kashi 60 cikin ɗari na riba. Wanda ke cin moriyar itace a tsaye ba ya kai masa gatari.

Ni iƙama (takardar izinin zama) gare ni, ba ɗan ƙasa ba. Zan iya buɗe irin wannan wuri?

Kada ka buɗe da sunan wani kana juya kuɗi a ɓoye. Wannan shi ne tasattur, laifi ne mai ɗauri da tara da kora, kuma ranar da kuka saɓa da mai sunan ba ka da takardar da za ka nuna. Masaukin baƙi yana bukatar lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, sha'anin gona da rijiya da sare itace kuma na Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ne. Baƙo mai jari yana da tasa ƙofar ta Ma'aikatar Zuba Jari. In kuwa aiki kake yi a gonar wani, ka fara da abin da ke hannunka: ramin ayaba ɗaya a bayan banɗakin ma'aikata, da lulluɓe gindin itatuwa goma. Ka rubuta sau nawa ake ba su ruwa kafin da bayan haka, ka kai wa mai gona lissafin in rani ya wuce.